Hantsin da Loyis Ta Sha

Kabong, Jos
4 ga Nuwamba

'Yata Abigel,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan aikin asibiti da zafin Fatakwal ba su cinye ki ba. Ni kawunki Hezekiya ina nan da sauran ƙarfina, in ban da kunnuwan nan da injin wankin kuza na Bukuru ya tafi da su tun kina goye.

Kada ki yi dariyar ganin takarda a zamanin waya. In an kira ni sai in yi ta cewa "to, to" alhali ban ji ko kalma ɗaya ba. Saƙon rubutu na waya kuwa, da yake ban iya latsa ta ba, Loyis ce ke karanta mini, ga shi maganar tata ce. Lukuman, direban da ke ɗaukar kabeji daga kasuwar Farin Gada zuwa garinku, ya ce zai riƙa miƙa miki har ƙofar asibiti. In ta zo da warin albasa ki yi haƙuri.

Na san zumuncinmu ya yi nisa. Kakarki da uwata 'ya'yan wa da ƙane ne, rabonmu da juna kuma tun ranar da muka binne Naomi matata. Amma a danginmu kaf ke kaɗai ce aikinki leƙa jinin mutane a na'ura. Ni kuwa 'ya ɗaya ta rage a gabana, Loyis autata, ita ce ba lafiya.

Tun ƙarshen damina gaɓoɓinta suka fara kumbura. Da safe yatsunta ba sa lanƙwasuwa, ko zani sai Maman Joshua maƙwabciyarmu ta ɗaura mata. Zazzaɓi ya zo ya tafi, bakinta duk ƙuraje, gashinta yana bin mataji. Mun sha maganin maleriya da na taifot har mai kemis ya fara jin kunyarmu. Yarinyar da ke sauke buhun karas ita kaɗai, yanzu kofin shayi da hannu biyu take ɗauka.

Matan unguwa sun ce sanyi ne ya shige ta. Ni ma na yarda, don shekara nawa tana fita kasuwa tun asuba tana cusa hannu cikin jiƙaƙƙen ganye. Na hana ta kasuwa. Kowace safiya nakan fitar mata da kujera jikin katangar gabas, inda rana ke fara sauka, in naɗe mata hannun riga, in sa ta juya don baya ma ya samu rabonsa. Kin san mu da shan hantsi, in Nuwamba ta shigo duk Kabong a waje take kamar ƙadangaru a kan dutse. Tana zama har rana ta take tsaka. In na ce ta shigo sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Baba, abeg ka bar ni, a nan ne kawai ƙashina yake yin shiru."

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne fuskarta. Wani tabo ya fito a kumatunta duka biyu ya haye karan hanci, ja-ja da farko, yanzu yana duhu. Mun ƙara lokacin hantsin, amma sauƙin ba ya wuce azahar. Ina jin tsoro, Abigel, ba kuma wanda zan gaya wa. Ko akwai wata allurar sanyi a wurinku da ba ta iso Jos ba?

Kawunki,
Hezekiya Dantong

Fatakwal
13 ga Nuwamba

Kawu,

Na durƙusa na gaishe ka. Ina lafiya, takardarka kuma ta iso da warin albasarta. Na kira Loyis nan take, ta ce mini "da sauƙi, Anti", har da dariya. Sai da na matsa ta turo mini hoton fuskarta. Da na gani sai da na nemi wuri na zauna.

Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, saboda haka dole likita ya duba ta. Na tura mata sunayen gwaje-gwajen da za ta nema a babban asibiti. Amma ina zargin ba sanyi ba ne. Akwai wani ciwo da ake kira lufus, wanda ya fi kama mata masu shekarunta. Bari in yi maka bayani, don na san halinka, abin da ba ka gane ba ba ka yi masa biyayya.

Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka haɗa jikin mutum. Kullum wasu suna tsufa su mutu, sababbi su maye gurbinsu, a jikinka da nawa da na kowa. Wannan ba ciwo ba ne. Ƙwayar da lokacinta ya yi takan naɗe kanta, ta ƙulle abin da ke cikinta, ta fito da wata alama a bayanta. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne su ga alamar su haɗiye gawar tun ba ta fashe ba, shiru, ba wanda ya sani. Ka tuna Farin Gada da yamma. In an kwashe ganyen kabejin da aka ɓare, kasuwa ta kwana lafiya. In an bar shi ya taru, ka san abin da ke biyo baya.

A jikin masu wannan ciwo kwasar ce ke jinkiri. Gawar ƙwayar sai ta daɗe har ta fashe, abin da ke can cikinta ya zubo fili. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ba ta saba ganin wannan abu a waje ba, sai ta ɗauka baƙo ne ya shigo, ta haɗa makami dominsa. Abin takaicin shi ne irin wannan abu yana cikin kowace ƙwaya ta jikin Loyis. Saboda haka yaƙin yake faɗawa kan fatarta da gaɓoɓinta, wani lokaci har ƙoda.

Ga maganar da ta fi yi mini nauyi. Hasken rana yana kashe ƙwayoyin fata da yawa lokaci guda. Ranar Jos ma ta fi tamu kaifi saboda tsayin ƙasarku, sanyi ne kawai ke hana ku ji. Ɗumin yana sassauta mata gaɓoɓi, wannan gaskiya ne, amma kowace safiya ana ƙara wa masu kwasa aikin da dama ya fi ƙarfinsu.

Kawu, ka shigar da kujerar nan ciki. Na san don ƙauna ka fitar da ita, kowa a Kabong haka zai yi. Ka sama mata ɗumi ta wata hanya, in za ta fita kuma ta rufe jiki ta riƙe lema.

'Yarka,
Abigel

Kabong, Jos
12 ga Disamba

'Yata Abigel,

Gaisuwa da godiya. Muna lafiya, yau kam zan iya rubuta kalmar ba tare da na yi ƙarya ba.

Zarginki ya tabbata. Likitar wata yarinya ce da ba ta fi ki ba, ta karanta sakamako ta faɗi sunan nan naki, lufus, ta ba da ƙwayoyi iri-iri, ta ce mu dawo farkon shekara. Ta kuma maimaita maganar rana, har na yi tunanin ko kun haɗa baki.

Ranar da na karanta takardarki ban ci abinci ba. Na zauna ina kallon katangar nan, ina tuna yadda nake naɗe mata hannun riga da hannuna. Washegari na shigar da kujera, a nan yaƙi ya fara. Loyis ta yi kuka, ta ce na mai da ita fursuna, ta kwana biyu ba ta kalle ni ba. Na sayo gawayi, na fito da bargunan uwarta, ina dafa mata ruwan zafi a gora tana runguma. Don kada in ci amanarta ni ma na daina fita hantsi. Sai mu zauna a ɗaki mu biyu muna rawar ɗari, muna leƙen Kabong ta taga suna gasa bayansu. Matan unguwa har sun fara raɗe-raɗi wai ɓoye ta nake yi, ko wani abu ne ya samu. Kurumta ta yi mini rana, ban ji ba.

To, ga albishir. Tabon fuska ya dushe, zazzaɓi ya gudu, jiya ita ta tuƙa mana tuwon acca da hannunta. Sannan ta murmure, Abigel. Yarinyar da ta koma kamar kara, yanzu kumatu sun ciko, fuska ta yi zagaye, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul har takalmin da ta saya don Kirsimeti ya ƙi shiga, silifana take ja. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kai, Loyis, hutu ya karɓe ki." Ƙarfin tsokana ma ya dawo. Maman Joshua, da muke haɗa bayi da su, tana ta mita wai Loyis na ɓarnar omo, kullum ta fito sai an tarar da kumfa ta ƙi kwanciya. Loyis ta ce ita ba ta taɓa omon kowa ba. Na ce su ƙarata, ni na gode wa Allah da gidana ya koma rigimar omo.

Na yi wa Ubangiji alkawari tun tana kwance, cewa in ya tashe ta zan kai ta gaban ikilisiya mu yi godiya. Fasto ya ba mu Lahadin farko ta sabuwar shekara. Ke ce mai ilimin abin, in kin ce a'a zan fasa.

Na sa Lukuman ya sauke miki ɗan dankalin Turawa, kada ya ce miki ya ruɓe a hanya.

Kawunki,
Hezekiya

Fatakwal
21 ga Disamba

Kawu,

Barka da shirin Kirsimeti. Dankali ya iso lafiya, na gode. A tsaye nake rubuta wannan, Lukuman yana ta danna mini oda a bakin ƙofa, ga rabin ma'aikatanmu sun tafi hutu sun bar mana tulin jini.

Takardarka ta wanke mini zuciya. Maganar kumatu kada ta ruɗe ka, ɗaya daga cikin magungunan da aka ba ta yana sa fuska ta yi zagaye, yana kuma buɗe ciki. Kowa da ke shan sa haka yake yi, in an rage shi za ta saɓe. Kada ta daina sha don ta ga ta samu sauƙi, kada kuma ta tsallake ranar asibiti.

Godiya kuwa wa zai hana? Ai cikin coci ne, ku je ku cika alkawari. A hanya dai ta riƙe lema. Ka gaishe mini da Maman Joshua, ka ce in na zo zan kawo mata katan ɗin omo a yi sulhu.

'Yarka,
Abigel

Kabong, Jos
15 ga Janairu

'Yata Abigel,

Barka da sabuwar shekara. Ni lafiya. Loyis ce dai ban san abin da zan ce ba.

Mun yi godiya. Abin da ban gaya miki ba, don ni ma ban yi tunaninsa ba, shi ne an yaye rufin cocinmu bayan Kirsimeti za a sa sabon kwano, a filin makaranta ake sujada. Na ɗauki lema na zauna kusa da ita ina riƙe mata, mutane suna yi mana dariya wai uba ya zama ɗan rakiyar amarya. Da aka kira sunanmu sai Zumuntar Mata suka taso da tulunansu da kacau-kacau suka kewaye ta. Kin san yadda ake yi, daga can bayan taro ake taka rawa a hankali har gaban fasto da baikon godiya a hannu. Ta waiwayo ta ture lemar, ta ce a kunnena, "Baba, wa ya taɓa zuwa gaban Allah da lema kamar matar oga?" Na bar ta. Tun rasuwar uwarta ban ga fuskarta da haske haka ba, ban iya hana ta ba. Bayan rawa aka yi wa'azi, aka yi gaishe-gaishe, aka ɗauki hotuna, ba mu bar filin ba sai da rana ta karkata.

Ranar asibiti ta faɗo cikin makon. Ta ce wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce ya warke, da wane ido zai koma layin marasa lafiya? Na ce mu ɗan jinkirta, ni ma ina jin nauyin abin.

Yanzu tabon ya dawo, har wuya da hannuwa. Zazzaɓi ya dawo. Da safe idanunta ba sa buɗuwa don kumburi. Jiya na danna ƙaurinta da yatsa, ramin ya tsaya bai ciko ba har na gama shan shayi. Maman Joshua ta daina mitar omo, ta ja ni gefe ta ce fitsarin yarinyar nan ya ragu, kuma launinsa kamar shayi ba madara.

Na sake karanta inda kika ce maganin ne ke sa fuska ta cika, ina ta lallashin kaina da shi. Shin maganin yana sauka har ƙafa? In haka ne ki gaya mini in samu barci. In kin kira ta za ta ce miki da sauƙi, kada ki yarda.

Kawunki,
Hezekiya

Fatakwal
6 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka, amma yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Sai jiya takardarka ta zo hannuna. Motar Lukuman ta lalace bayan Makurɗi, ya sayar da kayan a can, takardar ta zauna a aljihun mota har aka gama gyara. Duk tsawon lokacin nan ina kiran Loyis, tana ce mini da sauƙi, ni kuma ina yarda don haka nake so in ji.

Da na gama karantawa na ɗauko ta Disamba na sake bi. Komai yana ciki, ka rubuta mini shi da hannunka. Ƙwayar magani tana cika fuska, amma takalmin da ya ƙi shiga da kumfar da ta ƙi kwanciya, in sun haɗu, ƙoda suke nunawa. Kumfar nan ba omo ba ce, abin gina jiki ne da ya kamata ya zauna cikin jini yake zuba ta fitsari. Irin wannan fitsari nake gwadawa kullum a wurin aiki. Na karanta a tsaye, na yi dariya, na aiko maka da wasa.

Ga abin da ke faruwa. Makaman da garkuwar jikinta ta haɗa suna manne wa tarkacen ƙwayoyin da ba a kwashe ba, su dunƙule, jini ya ɗauke su zuwa ƙoda. Ƙoda kuwa matata ce mai laushi ƙwarai. Dunƙulen suna maƙalewa a cikinta, yaƙin ya biyo su can, matatar ta yayyage. Abin da ya kamata ya tsaya sai ya zube, ruwan da ya kamata ya fita sai ya taru a jiki. Abin da kuka ga kamar ƙiba ruwa ne, kuma tun kafin ranar godiya ya fara.

Na nemo lambar Maman Joshua a wurin Lukuman na kira ta, na ce ta ɗauki mota ku tafi asibiti ko da Loyis za ta zage ta. Ina fata kafin wannan ta iso ka kuna can. Ka ce a duba ƙoda kafin komai. Ina jin kunyarka, Kawu, ina kuma jin tsoro.

'Yarka,
Abigel

Asibiti, Jos
24 ga Fabrairu

'Yata Abigel,

Na gaishe ki. A kan gwiwata nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Ki ajiye maganar kunya. Ke kin karanta a takarda, ni a gabana take tana jan silifana, ina ta washe baki ina kiran mutane su zo su ga ƙiba. Ba ni da ƙarfin raba laifi yanzu.

Ƙodar ta tafi, duka biyun. An sa mata roba a wuya ana haɗa ta da injin wanki. Ikilisiya ta tsaya mana, ba abin da muka nema muka rasa. Na yi shekaru ina tsaye kan injin da ke wanke ƙasa ya ware kuza, ban taɓa zaton zan ga an wanke jinin 'yata ba. Ina zama ina kallon jan abin yana fita yana komawa. In an gama takan yi laushi, ta kasa ɗaga kai. An kuma ƙara mata magani mai ƙarfi na kwantar da garkuwar jiki, likita ta ce kada mai mura ya zo kusa, saboda haka ni nake tsare ƙofa ina korar masu gaisuwa. Rabin Kabong sun yi fushi da ni.

Shekaranjiya ta ce in matso. Ta ce, "Baba, mutanen da suka yi mini rawa, me zan ce musu?" Na ce ba ta ci bashin kowa ba. Ta juya ta kalli bango.

Tambaya ɗaya ce ke cina. Kin ce jikinta ya ɗauke ta baƙuwa ne bisa kuskure. To, kuskure ai akan gane shi. Yanzu ba ta ganin rana ko ta taga, ba a ƙara wa masu kwasa aiki. In sun gama kwashe abin da ya taru, yaushe jikin zai gane cewa Loyis ce? Ki faɗa mini ko wata nawa ne, zan iya jira.

Kawunki,
Hezekiya

Fatakwal
7 ga Maris

Kawu,

Na gaishe ka da mai jiki. Na daɗe da biro a hannu kafin in fara, don na so in rubuta maka abin da kake so ka ji. Na riga na yi maka haka sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Garkuwar jiki an yi ta ne don ta riƙa tunawa. Shi ya sa yaron da aka yi wa rigakafin ƙyanda yake tsira har tsufansa, jikinsa bai manta fuskar cutar ba. Abin da ta riga ta sa wa suna abokin gaba ba ta cika sauke shi ba. Magani yana iya kwantar da ita, mutane da yawa suna shekaru masu yawa lafiya a haka, amma bai iya sa ta manta. Ƙwayoyi kuma ba za su daina mutuwa ba, ko a rana ko a inuwa, don haka rayuwa take. Ƙodar da ta riga ta yi tabo ba ta komawa.

Duk da haka ban saki ba. Akwai wata allura da ake ƙarawa ta jijiya, wadda takan taimaki wasu da sauran magani ya gaza musu. Ina bin wani likita a nan ya nemo mana, in ta samu likitarku ce za ta yanke ko jikin Loyis zai ɗauka. Na nemi hutu an ce sai bayan Ista, ba mai riƙe mini aiki. Ka ba ni wannan ɗan lokaci, zan zo da allurar a hannuna.

Ka ci abinci, Kawu. Maman Joshua ta ce shayi kawai kake sha.

'Yarka,
Abigel

Kabong, Jos
22 ga Maris

'Yata Abigel,

Gaisuwa. Kin ga daga gida nake rubutu, kada ki ɗauka sallamar lafiya ce.

Na gode da kika faɗa mini gaskiya. Likitarmu ma ta zaunar da ni ta fuskance ni, tana magana a hankali don in bi bakinta. Wata cuta ta shiga jinin Loyis ta wurin robar wuya. In sun ci gaba da kwantar da garkuwar, cutar za ta cinye ta. In sun sake ta ta yaƙi cutar, kan Loyis za ta koma da yaƙin. Zuciyarta kuma ta gaji, duk ranar wanki sai jininta ya faɗi a cire ta tun ba a gama ba. Na ambaci allurarki, likita ta ce jikin da ke gabanta ba zai ɗauka ba. Loyis da kanta ta ce a kai ta gida, ni na sa hannu.

Ranar Talata ta ce in kira mata Tabawa, telar nan ta Bukuru, ƙawar uwarta tun suna 'yan mata. Loyis ta sa na buɗe akwati na ɗauko rigarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, fara mai shuɗin wuya. Tabawa ta zo da tef ɗinta tana auna ta a kwance, kafaɗa, ƙirji, hannu. Na gane rigar ta yi mata kaɗan za a buɗe ta. Wauta ba ta ƙare wa tsoho, Abigel. Sai na ji zuciyata ta yi tsalle, na ce ashe yarinyar nan tana shirin waƙar Ista. Na tsaya a kansu ina tsokana, na ce ko a kujera ne zan ɗauke ta in kai ta, na ce Tabawa ta bar wurin ragewa don in kumburi ya saɓe kada rigar ta yi mata buhu. Loyis tana murmushi tana gyaɗa mini kai. Na ga bakinta yana motsi wajen Tabawa, ban ji ba.

Da na raka Tabawa tsakar gida na ga ta rufe fuska da gyale. Na ce lafiya? Ta faɗi wani abu, na ce ban ji ba. Ta sake, na ce ta ɗaga murya. Matar nan ta dube ni kamar za ta roƙe ni in ƙyale ta, ni kuwa na kafe. Dole ta kama kafaɗata ta sa baki a kunnena ta ɗaga murya, har Maman Joshua ta saki kwanon da ke hannunta.

Ta ce, "Baban Loyis, ba ta Ista ba ce. Ta ce in tsaga bayan in sa igiya, don kada mata su sha wahala wajen sa mata ranar binne ta."

Tagar ɗakin a buɗe take. Loyis ta ji, ta kuma san na ji. Da na koma ciki ta miƙo hannu na riƙe.

Ki bar neman allurar nan. Kada ki jira hutu, ki gaya wa oganku uwarki ce ko ƙanwarki, duk abin da zai sa ya sake ki. Lukuman zai juyo ranar da ya ba ki wannan, ya ce gaban mota naki ne in ba ki samu wata ba. Tana tambayar ki.

Jiya na hau mota na je Bukuru wurin Tabawa, na tarar ta riga ta farke bayan rigar. Na roƙe ta ta ja aikin, ta yi mana irin alkawarin teloli, yau da gobe har wata ya wuce. Ta girgiza kai ba ta ɗago daga keken ba, ta ce mai rigar ta ce a hanzarta.

Kawunki,
Hezekiya Dantong